Yadda Aka Rufe Injin Soronmu

Duk shekarun da na yi ina sana'ar POS ban taɓa zama a bakin titi ba. A soron gidanmu na ajiye tebur, can cikin wani lungu a Daura, kuma kusan duk masu zuwa wurina mata ne. Matar aure ba ta son tsayawa a rumfar maza tana danna lambar sirrinta ana kallonta. Da yawansu mazajensu ko 'ya'yansu suna kudu wurin nema, su turo na cefane, su kuma su zura hijabi su shigo wurina su cira. Na shimfiɗa tabarma a gefe, ga randa da moɗa. Wata sai ta zo cirar kuɗin magani da hantsi, hira ta riƙe ta har a kira azahar.

Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne. Yana bin kasuwannin ƙauye, yau Sandamu, gobe Dutsi, wani lokaci har Babban Mutum, ya sayo gero da dawa da wake ya kawo gari. Mahaifiyarsa tana tare da mu, muna ce mata Inna, ƙofar ɗakinta tana kallon soron. Ita dai ba ta taɓa sakin jiki da injin POS ɗin ba. Takan ce kuɗin da ba za ta iya ƙullewa a bakin zane ba, ba ta san na wane ne ba. Mu yi ta dariya.

Ranar da wakilin kamfanin da ke ba da injin ya zo yi min rajista, murna nake yi kamar ranar suna. Mutum ne mai fara'a, ɗan garin nan, sa'an maigidana. Ya ɗauki hotona da na katina na ɗan ƙasa, ya sa na dangwala yatsa, sannan ya fita ya ɗauki hoton ƙofar gidanmu, ya tsaya a bakin ƙofar da wayarsa har ta nuna masa inda gidan yake a taswira. Ya ce ƙa'ida ce, don kada macuta su yi amfani da sunan mutane. Na ce madalla. Har sabon mayafi na yafa saboda hoton.

Akwai guruf na matan unguwa da na buɗe a waya, don in riƙa sanar da su in akwai kuɗi a hannu ko in sabis ya ɗauke. Lambar asusuna ma tana nan a rubuce a samansa. Sannu a hankali ya koma wurin sanarwar biki da suna da rasuwa, da cigiyar akuya in ta ɓata.

Gab da wani zaɓe, bohol ɗin unguwarmu ya lalace tun damina, kullum sai mun sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Sai 'yan wata jam'iyya suka kira mata wani gida aka raba musu taliya da atamfa, aka ce kowace ta ɗaga katin zaɓenta a ɗauki hoto. Ni ban je ba, ina bakin aikina. Da la'asar wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda duk lungun muke ce wa Gwaggo, ta shigo soro ta ajiye ledar taliyarta a kan teburina.

Ta ce, "'Yar nan, ga shi sun ba ni. To da wane ruwan zan dafa?"

Da wasa ta faɗa, amma ni raina ya ɓaci. Tana fita na ɗauki waya na danna, na yi magana a guruf. Na ce mu ba mabarata ba ne. Na ce wanda ya iya sayen atamfa mota guda ai ya iya gyara bohol. Na ce iyayena a ƙauyen Dutsi sun yi ta jiran takin da aka yi alkawari har gero ya fitar da kai bai zo ba. Na ce kowa ta ci taliyarta halal, amma ranar zaɓe ta tuna da jarkar ruwa. Ban kama sunan kowa ba, sai dai a garinmu ba sai an kama suna ba.

Na ajiye wayar na shiga ɗora tuwo.

Washegari wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Kano ta turo min saƙon murya, ta rubuta a ƙasa, "Ji wata 'yar garinku ta fasa ƙwai." Ina buɗewa na ji muryata. Na tsorata, amma har ga Allah akwai ɗan daɗi a ciki. Kafin mako ya zagayo wani ya haɗa muryar da hotona, ya rubuta sunan unguwarmu da sana'ata. Sai kuma na fara ganin alat na shigowar kuɗi daga mutanen da ban sani ba. 'Yan ƙananan kuɗi ne, na sayen kati ko goro, kowa da abin da ya rubuta: tukuicin gaskiya, Allah ya ƙara basira, a sha ruwa.

Maigidana bai ji daga bakina ba. A motar kasuwa ya ji, suna dawowa daga Sandamu, direba ya sa ta a sifika fasinjoji na ta shewa. Da ya shigo bai ko cire hula ba.

"Muryarki na ji a mota."

"Malam, a guruf ɗin unguwa kawai na yi."

"To ta fita daga unguwa. Na zauna a bayan mota ina jin matata tana magana, na kasa cewa tawa ce." Sannan ya cire hular. "Ba ƙarya kika yi ba. Amma kuɗin nan da ake turowa, ki mayar."

Na ce ban san yadda zan mayar wa mutanen da ban sani ba. Ya ce to kada in taɓa. Ban taɓa ba.

Ranar da abin ya faru Gwaggo ce a gabana. Ɗanta yana sayar da albasa a kudu, ya turo mata na asibiti. Na saka katinta, ta danna lamba, injin ya yi ta juyawa, sannan ya ƙi. Na ce sabis ne. Na kashe na kunna, na fita tsakar gida na ɗaga shi sama kamar yadda muke yi. Ya sake ƙi. Na gwada da katina, haka. Na buɗe asusun a waya, sai ga jan rubutu da Turanci, cewa an dakatar da shi, in tuntuɓi kamfani. Jarina gaba ɗaya yana ciki.

"Kuɗina sun tafi ne?" Gwaggo ta tambaya.

"A'a Gwaggo, naki suna bankinki. Nawa ne ke da matsala."

Na kira lambar kamfanin. Aka bar ni da kiɗa a kunne har na gaji da tsayuwa, sannan wata mata ta ɗauka, Hausarta da ɗan gargada.

"Hajiya, an dakatar da asusunki bayan bita."

"Bitar me?"

"Ba ni da izinin faɗa."

"Wani ya ce na cuce shi ne? Ban taɓa riƙe kuɗin kowa ba."

"Ba ni da izinin faɗa, Hajiya. Za a tuntuɓe ki."

Muryarta a sanyaye, har da yi min fatan alheri. Da ta yi min tsawa da na fi samun natsuwa.

Bayan 'yan kwanaki wakilin ya zo, da rana tsaka. Wannan karon babu fara'a. Na kawo masa ruwa ya ce ya gode, bai sha ba. Maigidana yana nan, suka gaisa a tsaitsaye. Ya ce an aiko shi ya karɓi injin. Maigidana ya ce ai ko akuya za a yanka akan ba ta ruwa, a faɗa mana laifinmu. Mutumin ya leƙa waje, ya dawo, ya fito da wayarsa ya danna. Muryata ta fito, ya kashe tun kafin in kai ga maganar bohol.

"Hajiya, ke ce?"

"Ni ce."

"To ni ban faɗa miki komai ba." Ya rage murya. "An kai ƙorafi. Ba daga kwastoma ba. An ce ana amfani da asusun wajen tunzura jama'a, wai 'yan wancan ɓangaren na turo miki kuɗi. Da suka duba suka ga kuɗi na shigowa daga ko'ina da rubuce-rubuce a kai."

Na ce, "Kuɗin goro ne! Ban roƙi kowa ba."

"Na sani. Amma kamfani da lasisi yake ci. Ba ya son a kira shi a tambaye shi komai. In suka ga sunan mutum ya fara zafi, sauke shi suke yi, ba sa tsayawa tambayar wa ke da gaskiya."

Maigidana ya ce, "Wa ya kai ƙorafin?"

"Wallahi ban sani ba. Kuma da na sani..." Bai ƙarasa ba. Ya saka injin a jaka tare da cajarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce min, "Ni ma ruwan garuwa muke saye a gidana." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Bayan tafiyarsa ne na tuna hoton ƙofar gidanmu. Na tsaya ina kallon inda injin yake zama. Fuskata tana wurinsu, yatsana yana wurinsu, ga ƙofar gidan da launin fentinta, ga taswirar da za ta kawo mutum har lungun ba tare da ya tambayi kowa ba. Suna da sunan duk matar da ta taɓa saka kati a soron nan. Wanda ya iya ɗaga waya ya sa a rufe ni, me zai hana ya ɗaga ya ce a ba shi sauran? Ba 'yan sanda aka turo min ba, ba kotu ba. Da kotu ce da na san inda zan je in tsaya in yi bayani. Wannan kuwa babu fuskar da zan kalla.

Labari ya zaga unguwa kafin la'asar. Na buɗe guruf, sai na ga layi-layi: wance ta fita, wance ta fita. Matan da muka yi goyon ciki tare, waɗanda na ba bashin kuɗin awon ciki ba tare da na rubuta ba. Ban ga laifinsu ba. Wata ta aiko min cewa don Allah in goge lambarta, mijinta ma'aikacin gwamnati ne. Gwaggo ta shigo da kanta, ta ƙi zama a tabarma.

"'Yar nan, an ce duk wanda ya taɓa cira a wurinki shi ma za a rufe masa. Yaron nan wahala yake sha a kudu."

"Gwaggo, ba haka ba ne."

"Kin tabbata?"

Na buɗe baki na kasa cewa na tabbata. Ta kalle ni, ta ce Allah ya kyauta, ta fita.

Soron ya yi tsit. Na saba da sallamar mata tun safe, yanzu in na ji an taɓa ƙofa sai in leƙa kafin in buɗe. Wata rana wata baƙar mota mai duhun gilashi ta tsaya a bakin lungunmu, ba a kashe ta ba, ba wanda ya fito. Na janye yara daga waje, na sa sakata, na tsaya ina leƙe ta kafar ƙyaure. Inna ta fito da carbinta ta tsaya a bayana. Can sai ga mata sun fito daga motar da kwanukan abinci a ka. Baƙin suna ne na gidan da ke bayanmu. Inna ta yi ajiyar zuciya ta koma ɗaki. Ba ta taɓa ce min ai ta faɗa ba, ko sau ɗaya.

Abin ya shafi maigidana ma. Yana Babban Mutum ya tura wa wani manomi kuɗin wake, alat bai shiga ba. Ya kira ni, ya ce, "Sun iso kaina." Ashe sabis ɗin banki ne ya ɗauke wa kasuwar gaba ɗaya, kafin la'asar kuɗin suka shiga. Amma daga ranar ya daina yarda da tiransifa. Ya koma ɗaukar kuɗi a jiki, ya ɗinka aljihu a cikin 'yar shara. Hanyoyin nan na bakin iyaka kowa ya san ba a son a san mutum na ɗauke da kuɗi. In ya fita da safe ba na iya cin abinci sai na ji ƙarar babur ɗin da ya kawo shi daga tasha.

Ana cikin haka sai shugabar matan jam'iyyar da ta yi rabon taliya ta zo gidanmu. Tare muka yi sakandare, benci ɗaya. Ta shigo da ƙamshin turarenta, ta durƙusa ta gaida Inna, sannan muka zauna a ɗakina.

"Ƙawata, na ji abin da ya same ki, wallahi ban ji daɗi ba."

"Na gode."

"Kin san ba mu da hannu."

"Ban ce kuna da shi ba."

Ta yi murmushi. "Amma akwai wanda zan iya yi wa magana. Waya ɗaya ce, a dawo miki da injinki. Ke dai ki yi wata 'yar murya, ki ce fushi ne ya ɗebe ki, kin gano wasu ne suka zuga ki. In kin ƙara da addu'a ga shugabanni ma ya fi."

Na ce, "In ba ku da hannu a rufewa, ta yaya za ku iya buɗewa?"

Murmushin bai bar fuskarta ba. Ta ce, "Ke dai kina nan da bakinki tun muna aji." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Ki yi tunani. Kina da yara. Mijinki kullum yana kan hanya."

Ko nasiha ta yi min ko gargaɗi, har yau ban sani ba. Na raka ta ƙofa, na dawo na zauna a bakin gado.

Da maigidana ya dawo na faɗa masa. Ya ce, "Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kada ki yi ba. In kin yi, ba zan raina ki ba." Inna tana jinmu daga ƙofa. Ita da ba ta shiga maganarmu, ta ce, "Wa ya zuga ki?" Na ce babu kowa. Ta ce, "To in kin ce an zuga ki, za su ce wane ne. Sunan wa za ki ba su?"

Ban yi tunanin haka ba. Gwaggo ce ta faɗo min a rai, da ledar taliyarta.

Duk da haka washegari da hantsi na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗauki wayar. Na ce zan yi muryar ba tare da maganar zuga ba, in ba da haƙuri kawai. Na danna, na yi sallama, na tsaya. Na goge. Na sake, na kai ga "ina mai ba da haƙuri", na ji kamar mutane cike da mota suna saurarena, na sake gogewa. Mutane daga baya sun ce na yi jarumta da na ƙi. Gaskiyar magana, tsoro ne ya hana ni. Ba na son muryata ta sake fita daga gidan nan ta kowace fuska, ko da yabo ne. Na aika wa ƙawata cewa na gode, na bar wa Allah. Ba ta amsa ba.

Zaɓe ya zo ya wuce. Na je na yi layi, na jefa ƙuri'ata, na dawo kaina a sunkuye. Bayan an kwana biyu, ba tare da wani bayani ba, sai na ga jarina ya faɗo a asusuna na banki, tare da saƙon cewa kamfani ya kawo ƙarshen hulɗa da ni. Ba wanda ya zo kama ni. Ba wanda ya tare maigidana a hanya, alhamdu lillahi. Duk abin da nake tsoro babu wanda ya faru, amma tsoron bai tafi ba.

Na gwada wani kamfanin. Wakiliyarsu mace ce, ta cike komai a wayarta, ta sa na dangwala yatsa, sai abin ya ƙi wucewa. Ta sake, ya ƙi. Ta ce wataƙila sabis ne, za ta dawo. Ba ta dawo ba, ni ma ban kira ta ba. Ko sabis ɗin ne da gaske, ko sunana ya riga ni zuwa can, ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Na juya jarin na koma sayar da kayan miya da man gyaɗa, kuɗi hannu. Matan suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fita daga guruf sai ta shigo sayen daddawa ta zauna a tabarma kamar ba a yi komai ba, ni ma ban tayar ba. Gwaggo ce ta fara dawowa. Ta sayi kuka, ta daɗe tana ƙulle bakin leda, sannan ta ce, "Ni na jawo miki." Na ce a'a Gwaggo, bakina ne. Ta share ido da gefen hijabi ta ce man gyaɗan nan ya yi tsada.

Yanzu wata amarya a lungun gaba ce ke da inji. Yarinya ce mai hankali. Ta hana maganar siyasa a soronta, in mata suka fara sai ta ce don Allah a bari sai an fita. Wasu na jin haushi, ni ba na ji. A wurinta nake cirar kuɗi in ƙanena ya turo wa iyayenmu. Ranar farko da na shiga ta miƙe ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Anti, sannu da zuwa." Amma na ga idonta ya tsaya a kan katina kafin ta karɓa. Ta saka, na danna lamba, injin ya fara juyawa. Mu biyu muka zuba masa ido. Ya daɗe. Na fara shirya abin da zan ce mata in ya ƙi. Sai takarda ta fito.

Ta yi dariya, ta ce, "Sabis ne yau ba shi da ƙarfi." Na ce haka ne. Ta miƙo min kuɗin, na saka a jaka, na yi mata sallama na tafi in aika wa iyayena kafin motar Dutsi ta tashi.